Idan Lissafi Ya Gagara a Bakin Ƙofar Jami'a

Gabatarwa

Kowace shekara, daga shigowar hunturu zuwa faɗuwar damina, akwai wani irin zulumi da kan sauka a gidajen da ke da yaro ko yarinya a ajin ƙarshe na babbar sakandare. A wannan tsakani ne ake biyan kuɗin jarrabawar WAEC da ta NECO, a yi rajistar JAMB, sa'an nan a zauna a yi ta shawarar jami'ar da za a cika da fannin da za a nema. Mu da muka riga muka haye wannan kogi ba mu manta da faɗuwar gaban da ke cikinsa ba, kuma har yau muna ganin ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabtanmu suna tsaye a bakin gaɓa, suna auna zurfin ruwan da ido.

A wannan maƙala muna so mu dubi ɗaya daga cikin masu tsayuwar nan. Mu ƙaddara yarinya ce mai ƙwazo, wadda burinta shi ne ta zama injiniya. Tun tana aji ɗaya na babbar sakandare ta zaɓi darasin Ƙarin Lissafi, watau zuzzurfan lissafin da wasu ɗaliban kimiyya kan ɗora a kan gama-garin lissafin da kowa ke yi. A shekarar farko abin ya tafi daidai, a ta biyu ya soma tangal-tangal, yau kuwa ga ta a aji uku, an yi jarrabawar ƙarshen zangon farko ta tashi da maki 38 cikin 100, kuma saura 'yan makonni makaranta ta rufe rajista.

Hanyoyi uku ne a gabanta. Ko dai ta daure ta rubuta darasin, ta rungumi duk abin da ya fito. Ko ta ajiye shi ta maye gurbinsa da wani mai sauƙi. Ko kuma iyayenta su bi shawarar da wani maƙwabci ya raɗa wa mahaifinta, cewa akwai inda ake kai yara su fito da sakamako mai kyau ba tare da gumi ba. Tambayar da aka fi yi a irin wannan hali ita ce, wace hanya ce za ta fi kai ta jami'a? Tamu tambayar ta ɗan bambanta: wace hanya ce daidai, kuma me ya sa?

Yadda Ma'aunin Yake

Kafin mu ce komai, ya kamata mu san ma'aunin da ake auna yarinyar nan da shi. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, suna jera sakamako daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsira ce kawai wadda ba ta buɗe ƙofar jami'a. F9 kuwa faɗuwa ce. Mai neman shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar a darussan da suka dace da fanninsa, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman fannonin adabi da fasahar harshe, amma ga masu neman kimiyya da ƙere-ƙere da kimiyyar zamantakewa sharaɗin yana nan daram.

Ita kuwa hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu take jarraba ɗalibi a kansu, jimillar makinsu 400. Mai son aikin injiniya yakan rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Ƙarin Lissafi ba ya cikin darussan JAMB, kuma yawancin jami'o'i ba su wajabta shi ba, ko da yake akwai waɗanda kan neme shi a wasu fannoni. Ashe ke nan yarinyar nan tana iya ajiye shi ba tare da ta karya wata doka ba. Wannan shi ya sa al'amarin ya zama na tunani da lamiri, domin inda doka ta yi shiru, nan ne mutum kan tsaya shi da zuciyarsa.

Irin wannan ruɗani bai tsaya a ƙasarmu ba. A Amurka, alal misali, jami'o'i kan duba sakamakon ɗalibi na shekarun sakandare baki ɗaya, su kuma lura da nauyin darussan da ya ɗauka, don haka ɗalibin can ma yakan rasa abin yi: ya riƙe lissafi mai wuya ya sami matsakaicin maki, ko ya koma mai sauƙi ya sami babba? Bambancin shi ne, a can fom ɗin neman gurbi yana da filin da ɗalibi zai bayyana uzurinsa, malamin da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsa ma yana iya rubuta wasiƙa ya yi bayani. A nan gida kuwa kwamfuta lamba kawai take gani. Ba ta san an yi wata uku babu malami ba, ba ta san an kwanta zazzaɓi ba. Tun da tsarin bai tanadi wurin sauraron uzuri ba, nauyin sauraronsa ya dawo kanmu, watau iyaye da malamai da yayye.

Mene ne Maki?

A fahimtarmu, maki shaida ne. Malami ko mai duba takarda ya ga abin da ɗalibi ya rubuta a rana kaza, a kan tambayoyi kaza, sai ya shaida da lamba. Kamar kowace shaida, yana da iyaka. Maki 38 ya ce yarinyar nan ba ta iya warware mafi yawan tambayoyin da aka yi mata ba. Bai faɗi dalili ba, bai kuma ce ba za ta taɓa iyawa ba.

Dalilin kuwa sau da yawa yana can baya. Lissafi kamar ginin bulo yake, kowane layi a kan na ƙasansa yake zaune. Kalkulas, watau lissafin da ke auna saurin canjin abu da kuma tara ƙananan yankuna su ba da jimilla, yana zaune ne a kan aljabara da lissafin kusurwoyi. Ɗalibin da har yanzu yake kokawa kafin ya gane cewa x² − 5x + 6 daidai yake da (x − 2)(x − 3), ba kalkulas ne ya kayar da shi ba. Tsagewar tana tun daga ƙaramar sakandare, sai da gini ya yi tsawo ta bayyana. Wanda ya gane haka ya san ciwon yana da magani. Wanda bai gane ba sai ya yanke wa kansa hukunci da cewa, "Ni ba ni da kan lissafi."

Tarihin masana lissafi kansa ya ƙaryata wannan gaggawar hukunci. June Huh, wanda ya tashi a Koriya ta Kudu, ya ɗauka tun yana yaro cewa ba shi da baiwar lissafi. Ya bar makarantar sakandare don ya zama marubucin waƙa. Ya shafe shekara shida kafin ya kammala digirinsa na farko. Da ya nemi gurbin digirin digirgir a Amurka, kusan duk jami'o'in da ya nema suka ƙi shi, sai Jami'ar Illinois ce ta karɓe shi. A 2022 aka ba shi lambar yabo ta Fields, wadda ake ɗauka ɗaya daga cikin mafiya girma a fagen lissafi. Ba muna cewa kowane mai maki 38 zai zama June Huh ba ne. Muna cewa takardar sakamako ba ta san gobe ba.

Haka kuma mai auna makin shi ma ɗan Adam ne, yana iya kuskure. A 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa wata tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya ɗauki laifin, aka kuma sake musu jarrabawa. Duk da haka, kada mu ruɗi kanmu. Kuskuren na'ura da mugun nufin malami ba su ne aka fi samu ba. Mafi yawan lokaci maki yana faɗin gaskiya, kuma ɗacinsa daga gaskiyar yake. Saboda haka tambayarmu ta koma wannan: yaya mutum zai yi da gaskiya mai ɗaci game da kansa, a daidai lokacin da ƙarya za ta fi yi masa amfani?

Hanyar Saye

Bari mu fara da shawarar maƙwabci. Maguɗin jarrabawa tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Fitar da takardun WAEC kafin lokaci a 1977 an yi masa laƙabi da "ekspo", kalmar da ɗalibai ke amfani da ita har yau. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi, dokar 1999 kuma ta tanadi tara da ɗauri, amma duk da haka cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo ba su ƙare ba. Dalili shi ne, iyayen da ke kai 'ya'yansu can ba sa ganin kansu a matsayin masu laifi. Hujjarsu kuwa tana da nauyi, bai kamata mu wofintar da ita ba. Uban yarinyar nan yana iya cewa: "Kowa yana yi. Idan na hana 'yata, wadda ba ta kai ta ƙwazo ba za ta shiga jami'a, ita kuma ta zauna a gida. Gaskiyata ta zame mata cuta ke nan."

Muna da amsa uku ga wannan uba. Ta farko, gurbin jami'a ƙidayayye ne. Masu rubuta jarrabawar JAMB a 2025 sun kusa miliyan biyu, guraben fannoni irin su likitanci da injiniya kuwa ba su taka kara sun karya ba. Duk wanda ya shiga da sakamakon saye, to, kujerar wani ya zauna, wani yaro wanda ba za mu taɓa ganin fuskarsa ba, wanda wataƙila da fitilar hannu ya yi karatunsa. Idan maki shaida ne, sayen sa shaidar zur ce, kuma wadda aka yi a kan marar galihu. Cewa wasu suna yi bai sauya sunan aikin ba.

Ta biyu, bashi ne aka ci, kuma ranar biya ba ta da nisa. Ɗalibin injiniya tun a shekararsa ta farko a jami'a zai tarar da kalkulas da lissafin bekta da aljabara mai zurfi suna jiransa, a aji mai ɗaruruwan mutane, inda malami ba shi da lokacin komawa baya. Mu da muke cikin jami'a mun sha ganin ɗalibi ya zo da A1 a takarda, amma darasin farko ya tona masa asiri, ya yi ta maimaita kwas har a ba shi shawarar ya sauya fanni ko ya koma gida. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan kuwa ya ci gaba da saye har ya fita da digiri, to, masu bin gadar da zai zana da masu kwana a benen da zai gina su za su biya bashin.

Amsa ta uku ita ce ta fi ci mana rai. Uban da ya kama hannun 'yarsa ya kai ta wurin saye ya faɗa mata magana biyu ba tare da ya buɗe baki ba: cewa bai yarda za ta iya da kanta ba, da kuma cewa idan gaskiya ta yi tsada ana iya sauka daga kanta. Za ta manta da kalkulas, amma wannan karatun ba za ta manta da shi ba. Da shi za ta shiga ofis, da shi za ta yi renon nata 'ya'yan.

Tsakanin Ajiyewa da Daurewa

Sauran hanyoyi biyun duk halattattu ne, shi ya sa zaɓi tsakaninsu ya fi wuya. Akwai masu ganin cewa ajiye darasi mai wuya ragwanci ne, wai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Akwai kuma masu ganin cewa riƙe shi wauta ce, tun da ba a tilasta ba. Mu muna ganin duka ɓangarorin sun yi gaggawa, domin darajar kowane zaɓi tana ga dalilin da ya sa aka yi shi.

Idan yarinyar nan ta zauna ta yi wa kanta hisabi, ta ga cewa zuciyarta ba ta ga aikin injiniya, sha'awar mutane ce ta ɗora mata, kuma Ƙarin Lissafi yana cinye lokacin da ya kamata ta ba gama-garin lissafi da kemistiri har su ma suna neman suɓucewa, to, ajiyewa hikima ce. Ɗalibi darussa takwas ko tara yake rubutawa, yini kuwa awa 24 ne ga kowa. Sanin iyakar ƙarfi wani reshe ne na gaskiya, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma idan har yanzu injiniya take so ta zama, sai dai tana gudun kada D7 ya ɓata mata kyan takarda, to, ba ta kauce wa dutsen ba, ta dai tura shi gaba ne zuwa inda zai fi nauyi. A irin wannan hali D7 na gaskiya a Ƙarin Lissafi ya fi mata amfani a kan B2 a darasin da ta ɗauka don ado, muddin jami'ar da take nema ba ta sa darasin cikin sharuɗɗanta ba, domin za ta shiga aji ta riga ta san kamannin abin da za ta kara da shi. Wanda ya taɓa faɗuwa a hannun abokin kokawa ya fi wanda bai taɓa ganinsa ba sanin inda zai kama.

Daurewa ma tana da nata ruɗin. Akwai ɗalibin da kan riƙe darasi don kawai kada a ce ya kasa, ko don mahaifinsa ya riga ya gama shelar cewa ɗansa injiniya ne. Wannan ma ado ne, sai dai da rigar jarumta. Haƙuri na gaskiya yana tafe da aiki: a je wurin malami a ce, "Malam, daga nan na ɓace, a taimaka a nuna mini", a koma littafin ƙaramar sakandare ba tare da jin kunya ba, a ɗauko tambayoyin shekarun baya a riƙa warware su da agogo a gaba, a nemi abokin karatu wanda ya fi ka. Wanda ya daure bai sauya komai a tsarin karatunsa ba, jira kawai yake yi.

Sa'an nan ya kamata mu rage girman dodon da muke yi wa jinkiri. Tsarin karatunmu yana da ƙofofi fiye da ɗaya. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO, ana kuma haɗa sakamakon zama biyu a yawancin fannoni. Akwai makarantun share fagen shiga jami'a, akwai shirin IJMB da na JUPEB da ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, akwai kuma kwalejojin kimiyya da fasaha. Shekara guda da aka kashe wajen gyara tushe ba asara ba ce ga mai shekara 17. Sannu ba ta hana zuwa.

Namu Kason

Zalunci ne mu ɗora wa yarinya ita kaɗai nauyin maki 38. Makarantu da dama, musamman na gwamnati da na karkara, ba su da ƙwararren malamin Ƙarin Lissafi, wasu ma ba sa koyar da darasin sam. Ɗan mai hali yana da malamin lesin a gida da intanet a hannu, idan ya faɗi a sake biya masa. Ɗiyar talaka kuwa sau ɗaya ake iya haɗa mata kuɗin rajista, kuma sai ta gama aikace-aikacen gida take buɗe littafi. Idan muka ce mata ta riƙe gaskiya alhali mun bar ta ba mataimaki, mun yi wa'azi mai arha.

Akwai kuma wata magana da muke gadar wa yaranmu ba tare da mun lura ba, wai lissafi ba namu ba ne. Wannan ba ta da tushe. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, kuma masu binciken tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne. Abin da ya rage shi ne mu da muka sami shiga jami'a mu waiwaya. Ɗalibin kimiyya guda da zai ba da awa biyu a mako lokacin hutu, ya zauna da yaran unguwarsu a zaure ko a harabar makarantar firamare, yana iya ɗinke tsagewar da ta shekara uku tana jiran ta rusa ginin wani.

Kammalawa

Da a ce yarinyar nan ƙanwarmu ce, ga abin da za mu ce mata. Kada ki yarda a saya miki, ko da duk ajinku sun saya. Ki ɗauki takardar jarrabawar nan ki duba ta tambaya bayan tambaya, ki gano inda kika fara ɓacewa. Ki bincika sharuɗɗan jami'ar da kike nema da idonki, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta. Sa'an nan ki tambayi kanki ko aikin injiniya burinki ne ko burin wasu. Idan naki ne, ki riƙe darasin, ki sauya yadda kike karanta shi, ki kuma shirya karɓar abin da ya fito. Idan ba naki ba ne, ki ajiye shi ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ga mahaifinta kuwa za mu ce: Baba, ranar da sakamako ya fito, kafin a tambaye ta nawa ta ci, a fara tambayar ta ko da hannunta ta rubuta. Idan ta ce e, to, a sa mata albarka, domin abin da ya rage duk mai gyaruwa ne. Ba mu da tabbacin cewa gaskiya za ta kai ta jami'a a bana; wataƙila sai baɗi, wataƙila ta wata ƙofar daban. Abin da muke da tabbaci a kai shi ne, duk ranar da ta shiga, kujerarta ce ta zauna a kai, kuma abin da ke rubuce a takardarta yana nan a cikin kanta.